Azurfar 'Yan Mazan Jiya: Yadda Ake Gane Ta Gaskiya

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba maƙeri ba, amma batun da zan yi magana a kansa ya shafi gidajen da yawa daga cikinmu, wato kayan azurfa da kakanninmu 'yan mazan jiya suka dawo da su daga yaƙin duniya na biyu.

Kamar yadda malaman tarihi suka koya mana, sojojinmu sun yi yaƙi a Habasha a 1941, sa'an nan runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da Japanawa a Bama a 1944 da 1945. Da suka dawo, wasu sun zo da lambobin yaƙi, da tsabar kuɗi, da cokula, da 'yan tasoshi. A yau masu kayan sun kwanta dama, an bar magada da tambaya: wannan azurfa ce ko farin ƙarfe? Amsar tana da muhimmanci wajen rabon gado, da kuma ranar da dillali ya yi sallama.

Tambayoyi biyu ne a nan, kada a cakuɗa su. Na farko, shin abin azurfa ne? Na biyu, shin daga fagen fama ya fito?

Mu fara da hatimi. Azurfar Ingila takan zo da ƙananan hatimai a jere: zaki mai tafiya, wanda ke nuna kashi 925 cikin 1000 azurfa ce, da alamar gari, misali kan damisa na Landan ko ƙugiyar jirgin ruwa ta Bamingham, da harafin da ke nuna shekara. In kuwa ka ga haruffan EPNS, to, ruwan azurfa kawai aka shafa a bisa wani ƙarfe. Wasu cokulan ɗakin cin abinci irin wannan ne. Azurfar Jamus, tun daga 1888, tana ɗauke da jinjirin wata da kambi, da lamba irin 800. Tasoshin Bama masu zane sau da yawa ba su da hatimi, don haka rashinsa bai isa a yanke hukunci ba.

Sai lambobin yaƙi. Tauraron Bama da Tauraron Afirka na gamin tagulla ne. Lambar yaƙin 1939 zuwa 1945 mai da'ira, wadda Ingila ta bayar, fara ce sol, amma gamin tagulla da nikel ce. Wadda take azurfa ita ce ta yaƙin farko, 1914 zuwa 1918, mai hoton Sarki Joji na Biyar, kuma ana buga sunan mai ita a gefenta. Lambobin yaƙi na biyu kuwa, Ingila ta bayar da su ba suna.

Tsabar kuɗi ma akwai abin lura. Rufin Indiya azurfa ce mai kyau har zuwa 1939. Daga 1940 aka rage ta zuwa rabi. Nauyinta giram 11.66 ne. Liyarin da aka yi amfani da shi a Habasha, mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, nauyinsa giram 28 ne, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. Kada shekarar 1780 da ke jikinsa ta ruɗe ku, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara har cikin ƙarni na ashirin. Kuma fatake sun daɗe suna kawo shi ƙasar Hausa tun kafin yaƙi, saboda haka samunsa a gida ba hujja ba ce cewa soja ne ya zo da shi.

Akwai gwaji na gida. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla ma, don haka abin da ya kama ne kawai za a fitar. Awo ya fi aminci: azurfa ta fi ruwa mai girmanta nauyi sau goma da ɗan abu, gamin tagulla da nikel bai kai sau tara ba. In an yi shakka, a kai wa maƙerin farfaru amintacce, a tsaya a gabansa.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, kuma takarda ce ke amsa ta. A nemi takardar sallama ta soja, da lambar aikinsa, da hotuna, a duba ko labarin ya dace da inda ya je. Wanda ya yi yaƙi a Bama, ina ya haɗu da cokalin Hitila? Gaskiya ne sojojin Amurka sun kwashi irin waɗannan cokula a Jamus a 1945, amma jabunsu ya cika kasuwa, domin sassaƙa haruffa a kan tsohon cokali ba wuya.

Shawarata uku ce. Kada a goge kayan da toka ko yashi, hatimin zai shafe. Kada a raba lambobi da takardunsu, darajarsu a haɗe take. Kuma a zauna da tsofaffin da suka rage a gida, a rubuta abin da suka ji daga bakin mai kayan tun suna raye. Lambar da aka auna aka ga ba azurfa ba ce, kada a raina ta: mai ita ya ratsa dajin Arakan kafin a maƙala masa ita.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa malamanmu da alheri.