Neman Sunan Kakanni: Jawabin Mai Bishara a Ranar Jubili

 

A wurin shirin wannan jubili an buɗe tsohon littafin baftisma, matasa suka yi ta dubawa, kowa yana neman sunan kakansa. Domin wannan muka ga ya kamata mu yi magana a kan neman asali cikin takardu. Za mu fara daga nesa, daga birnin Sabha a ƙasar Fezzan, kudancin Libiya, gama 'ya'yanmu da yawa sun ratsa Agadas sun tafi can neman aiki, waɗansu suna zaune a unguwar da a ke kira Sukra. Abin da su ke gani can ya shafe mu.

Fezzan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Ayarin Kano ya kan bi ta Damagaram da Azbin ya kai Gat da Murzuk, daga nan sai Tarabulus. Ya kan ɗauki fata da turkuɗi da gashin jimina, ya kan ɗauki mutane kuma. Ko da Daular Turkawa ta hana cinikin bayi baƙaƙe a 1857, ba a daina nan da nan ba. Saboda haka har yau ɗanmu ya kan gamu da dattijo a Sabha wanda ya san kakarsa daga Kano ko Barno aka kawo ta, amma sunan garinta ya ɓace masa.

To, ina zai nema? Italiyawa sun ƙidaya mutanen Libiya a 1931 da 1936. Faransawa suka riƙe Fezzan daga 1943 har ƙasar ta sami mulkin kai ran 24 ga Disamba 1951. Sa'an nan aka yi ƙidaya ta fari ta sabuwar ƙasa a 1954, a shekarar kuma aka kafa dokar zama ɗan ƙasa. Makiyaya da yawa, Buzaye da Tubawa, suna daji da raƙumansu sa'ad da malamin ƙidaya ya wuce. Ba su ga abin damuwa ba. Jikokinsu ne suka ga wahalar, gama wanda ba shi da littafin iyali bai sami lambar ɗan ƙasa da aka soma bayarwa a 2013 ba, in kuwa babu lamba babu fasfo, albashin gwamnati ma ya kan tsaya. Mutum an haife shi a gari, an haifi ubansa a nan, ga kabarin kakansa, amma takarda ta ce ba ta san shi ba. Ku tuna da Ezra sura 2, inda waɗansu firistoci suka komo daga bauta, suka nemi sunansu cikin littafin asali ba su samu ba, aka hana su aikin firist. Wannan baƙin ciki tsoho ne.

Mu ma nan gida kada mu zaci takarda tana faɗin kome. An yi ƙidaya a Nijeriya a 1911, 1921, 1931, da 1952 a Arewa, amma abin da ya rage mana yawanci jimla ne, ba sunaye ba. Sunaye suna cikin littafin haraji, shi kuwa maza baligai ya ke nema. Mata ba safai a kan rubuta su ba. Kun kuma sani yadda mai gida ya kan ɓoye saurayi a rumbu ran da malamin haraji ya zo. A ƙasar Nijar, Faransawa su kan rubuta mai gida da iyalinsa, amma shekarar haihuwa kintace ce, a dubi fuskar mutum a ce an haife shi wajen shekara kaza.

Sai kuma batun suna, nan ne mai nema ya kan ɓata hanya. Mutum ɗaya Garba ne a gida, Bukar a Barno, Abubakar a gaban alƙali, Bature kuma ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Bawa kuwa, ubangijinsa ya kan sāke masa suna, ya zama Barka ko Mas'udu, mace ta zama Mabruka. A takardun alƙalan Turkawa a kan rubuta bawa ɗan Abdullahi, ko da wane ne ubansa, a ƙara masa Sudani a wuce. Domin wannan kada ka nemi suna shi kaɗai. Ka haɗa shi da gari, da sana'a, da tsagen fuska, da abin da ya faru a shekarar, ko yunwa ce ko fari ko zuwan Turawa. Kafin ka tafi Kaduna wurin ajiyar tsofaffin takardun gwamnati, ka zauna tukuna gaban gwaggonka da fensir, gama ita ba ta da kofe.

Waɗansu suna tsoron abin da za su tarar. Gaskiya ne, mai nema ya kan iske sunan kakansa cikin littafin 'yantattun bayi, ko na gidan yaran da aka ƙwato a Zungeru, ko na gidan da mishan ta buɗe a Rumasha a 1909. Mu dai ba mu ga abin kunya a nan ba. Matta da ya jera kakannin Ubangijinmu bai share Rahab ba, bai share Rut mutumiyar Mowab ba. Ga kuma Dorugu, yaron da aka kama a ƙasar Damagaram aka sayar. Bayan an 'yanta shi ya bi Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, suka ratsa Murzuk a 1855 har Ingila, inda aka yi masa baftisma. Bai ɓoye bautarsa ba. Ya faɗa wa Schön labarinsa duka da Hausa, har sunan ƙauyensu da na iyayensa, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Dubban da suka bi hanyar nan ba mu san sunayen yawancinsu ba, shi kuwa mun san gidansu.

Yanzu ga roƙonmu ga magatakardan ekklisiyoyi. Mun duba tsohon littafinmu, mun ga wurare inda aka rubuta sunan baftisma kaɗai, Bulus ko Hannatu, ba sunan yanka, ba uba, ba gari. Bulus nawa ke cikin wannan gunduma? Daga yau a rubuta duka biyu, da sunan uba da na uwa, da ƙauyen da aka fito. Wanda ya bar addinin gidansu ya bi Almasihu, kada a yanke sunan ubansa daga littafi, ko da uban ya kore shi.

Iyayen da 'ya'yansu su ke Sabha ko wani gari na Libiya, ku kawo sunayensu a rubuta, da shekarar da suka tashi da unguwar da a ke jin labarinsu, gama hamada ta riƙe waɗansu ba wanda ya rubuta ranar. Ran Asabar mai zuwa magatakarda zai zauna a ɗakin makaranta da sabon littafi tun daga ƙarfe 8 na safe. Mai katin baftisma, ko takardar aure, ko tsohon rasit na haraji, ya zo da shi a kwafa a mayar masa a hannu. A sa takardun cikin gwangwani mai murfi saboda gara.