Lafiyar Hankalin Yaran da Ke Hannun Riƙo

Jawabi ga iyayen riƙo, da malaman makaranta, da masu unguwanni, da ma'aikatan jin daɗin jama'a



Riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan. Da wuya a shiga unguwa a Kano ko Zariya, ko Sabo ta Ibadan, ba a tarar da gidan da ake riƙon ɗan wani ba. Kaka takan ɗauki jikanta bayan yaye, gwaggo takan karɓi 'yar ɗan'uwanta, kawu yakan kwashe marayun da ƙanwarsa ta bari. Wani yaron kuwa agola ne, uwarsa ce ta zo da shi gidan sabon miji. Addini ya girmama wannan aiki, domin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ya tashi, a hannun kakansa Abdulmuɗallabi, sa'an nan a hannun baffansa Abu Ɗalibi. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ita ma ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci cikin hanyoyin kula da yaron da ya rabu da iyayensa.

Sai dai mafi yawan masu riƙo sukan ɗauka idan an ba yaro ci da sha da sutura da makwanci, an sauke nauyi ke nan. Akwai sauran nauyi guda wanda ido ba ya gani, watau lafiyar hankalin yaron da kwanciyar zuciyarsa. A kan wannan ne za a yi bayani.

Abin da rabuwa take yi wa yaro

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar hankali, kuma kimanin rabin irin waɗannan larurori sukan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Ɗan riƙo ya fi sauran yara kusa da wannan haɗari, domin sau da yawa ba a kan daɗi ya bar gidansu ba. Ko dai mutuwa ce ta raba shi da iyaye, ko saki, ko talauci, ko tashin hankali irin wanda ya auka wa Arewa maso Gabas tun daga 2009, wanda ya bar marayu da dama a hannun dangi da maƙwabta.

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 8 wadda uwarta ta rasu. Bayan sadakar bakwai aka ɗaure mata kayanta, aka sa ta a mota zuwa wani gari, aka raba ta da ƙanenta, ba wanda ya zauna ya gaya mata dalili. A rana ɗaya ta rasa uwa, da ɗan'uwa, da ƙawaye, da makarantarta. Manya suna ganin an yi mata gata, kuma gaskiya ne. Amma ita a zuciyarta tambaya take yi: laifin me ta yi aka kawar da ita, kuma yaushe za a sake kawar da ita? Yaro ba ya iya faɗin irin wannan da baki, saboda haka yakan fito da shi ta hali.

Alamun da ya kamata a lura da su

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ƙaramin yaro yakan koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ko ya riƙa firgita cikin barci. Wani yakan ɓoye abinci a ƙarƙashin tabarma ko da yana ƙoshi, domin bai tabbata gobe za a ba shi ba. Wani yakan yi ta kukan ciwon ciki ko ciwon kai, a je asibiti a auna ba a sami kome ba. Akwai mai yin shiru ya koma lungu, akwai mai yawan faɗa da 'yan gida. Malamin makaranta yakan ga karatu ya koma baya haka kawai.

Idan yaro ya tasa, alamun sukan canza. Saurayi ko budurwa sukan shiga gudu daga gida, ko bin miyagun abokai, ko shaye-shaye. Ɓarnar da maganin tari mai kodin ya yi wa matasa ce ta sa Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Alamar da ta fi kowace haɗari ita ce matashi ya riƙa cewa gara ya mutu ya huta, ko ya yi wa kansa rauni. Wannan magana ba a mai da ita wasa, ba a kuma bari sai gobe. A kawar da maganin ƙwari da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fassara waɗannan alamu da taurin kai ko butulci, a hau yaro da duka. Wasu sukan ce aljanu ne, wasu har su jefe shi da maita. Duka da gori ba su warkar da tsoro, ƙara shi suke yi. Addu'a abu ne mai kyau, ba ta kuma hana a je wurin likita.

Abin da gida zai iya yi

Mafi girman magani yana cikin gidan riƙon kansa. A shekara ta 2000 masana suka fara wani bincike a Bukares ta ƙasar Romaniya a kan yara 136 da ke gidajen marayu. Aka mai da kimanin rabinsu gidajen riƙo, aka ci gaba da bin sawunsu shekara da shekaru. Aka tarar waɗanda suka koma cikin iyali sun fi ci gaba wajen fahimta da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2. A nan gida ma, tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa masu larurar hankali suna samun sauƙi idan aka zaunar da su cikin ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana. Zama cikin mutane masu ƙauna magani ne.

Saboda haka ana roƙon masu riƙo su kiyaye waɗannan abubuwa. Na farko, a gaya wa yaro gaskiya gwargwadon hankalinsa: su wane ne iyayensa, me ya faru, kuma ba laifinsa ba ne. Na biyu, kada a riƙa yawo da shi daga wannan gida zuwa wancan, domin kowane ƙaura sabon rauni ne. Na uku, in da hali kada a raba 'yan'uwa, in kuwa tilas ta sa, a riƙa haɗa su da salla da hutun makaranta. Na huɗu, a daidaita shi da 'yan gida wajen kwanon abinci, da ɗinkin salla, da kuɗin makaranta, da aikin gida. 'Yar riƙon da take talla da wanke-wanke alhali 'yan gida suna aji ta san matsayin da aka ba ta, ko ba a faɗa ba. Na biyar, a daina gori. Wanda aka ce masa "ba gidan ubanka ba ne" yakan riƙe maganar har ya tsufa. Na shida, a sa ido a kan wanda yake keɓewa da yaro ko yarinya, kuma idan suka kawo ƙara a saurare su.

Inda za a nemi taimako

Idan alamun suka wuce 'yan makonni, ko suka hana yaro barci ko karatu, a fara da asibitin da ya fi kusa, daga nan za a tura shi gaba in akwai bukata. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin larurar hankali a Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Aro, da Yaba ta Legas, da Uselu ta Benin, da Enugu, da Kalaba. Asibitocin koyarwa na jami'o'i su ma suna da sassan wannan fanni. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. Sau da yawa abin da ake yi shi ne tattaunawa da yaron da mai riƙonsa, ba tare da an kwantar da shi ba.

Doka ma tana bayan yaro. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tanadi yadda kotu za ta ba da riƙo, ta hana azabtar da yaro da bautar da shi, kuma jihohi da yawa sun kafa irinta. Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma kare mutuncin mai larura da haƙƙinsa na samun magani. Duk wanda ya ga ana cutar da ɗan riƙo ya sanar da mai unguwa, ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko 'yan sanda.

Mai riƙon shi ma mutum ne, yakan gaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dangin da suka miƙa maraya kada su juya baya: su riƙa leƙowa, su taimaka da kuɗin makaranta, su tambayi yaron da kansa yadda yake. Liman da fasto su tuna da 'yan riƙo a wa'azinsu, malamin aji kuma ya san wane ne a ajinsa ba ya hannun iyayensa.

Ɗa na kowa ne. Allah ya saka wa masu riƙo da alheri, ya ba su ikon cika amana, ya raya yaran bisa lafiya. Amin.