Gyambon da Ke Ƙarƙashin Riga

Karatunmu: Littafin Sarakuna na Fari, sura 19, aya 1 zuwa 18.

Gaisuwarmu ta yau ta musamman ce gare ku da kuke sauraronmu daga Ƙauran Namoda, da Shinkafi, da Zurmi, da ƙauyukan da ke kewaye da su, har da waɗanda suka baro gidajensu suna raɓe wurin dangi a Gusau ko Sakkwato. Ina gajiya? Yaya kuma ƙarin haƙuri?

Ba sai mun ba ku labarin abin da ya sami ƙasarmu ba, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙauran Namoda ce inda layin dogo ya tuƙe tun 1929, garin gyaɗa da auduga. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kuwa har daga Nijar ake cin ta. Amma shekarun 'yan bindiga sun sa mutum ba ya hawa hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, sai da faɗuwar gaba. A watan Satumba na 2021 an rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya, uwa ba ta iya jin muryar ɗanta. A watan Yuni na 2024 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya suka auna yara sama da 97,000 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa.

Tamowa tana da ma'auni. Ana zagaya ɗan tef a damtsen yaro, nan take a gane. Amma akwai wani gyambo da babu tef ɗin da ke auna shi. Mun san magidancin da aka biya kuɗin fansarsa ya dawo gida, jikinsa ba tabo, amma da ya ji rugugin babur sai ya zabura. Mun san macen da take dafa tuwo ta raba wa kowa, ita kuwa ba ta ci, ba ta barci, ba ta kuka. Akwai yaron da ya daina fitsarin kwance tuntuni, ga shi ya koma yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da ake fama da rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da wata irin cutar damuwa ko ta tunani. Ku ƙirga mutum biyar a kan bencin da kuka zauna ran Lahadi.

To, me Littafi Mai Tsarki ya ce da irin wannan mutum? Mu dubi annabi Iliya.

Iliya ba ƙaramin mai bi ba ne. Bai daɗe da tsayawa shi kaɗai a kan Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450 ba, wuta ta sauko daga sama a kan idonsa. Amma da Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa, sai tsoro ya kama shi, ya gudu har Biyer-sheba. A can ya bar baransa, ya nausa jeji tafiyar yini guda, ya zauna gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku lura fa, ya bar baransa. Haka ciwon nan yake yi: yakan fara raba mutum da mutane.

Da a ce ɗayanmu aka aika wurinsa, da wa'azi za mu fara. Da mun ce masa, "Haba malam, ina bangaskiyarka? Ka manta da Karmel?" Allah kuwa bai yi haka ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi, ya nuna masa gurasa da butar ruwa, ya ci ya sha, ya sāke kwanciya. Aka sāke tashe shi, ya sāke ci. Har zuwa nan ba tsawa, ba tuhuma, ba ma tambaya. Wanda ya halicci jiki ya san zuciyar da ta razana ba ta jin magana sai jikin ya sami abinci da barci. Saboda haka, 'yan Zumuntar Mata, kwanon tuwon da kuka kai gidan wanda ya dawo daga daji, kada ku raina shi. Aikin mala'ika ne kuka yi.

Bayan tafiyar kwana 40 ya kai Horeb, ya shiga kogo. Sa'an nan ne Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Iliya ya zazzage kukansa: an rushe bagadai, an kashe annabawa, shi kaɗai ya rage, shi ma ana neman ransa. Jim kaɗan aka sāke yi masa tambayar, ya maimaita kukan nan kalma da kalma, Allah kuma ya sāke saurara. Mu kam mukan gaji. Sau biyu in mutum ya ba mu labarin daren da aka shigo ƙauyensu, na uku sai mu ce, "Ai ya wuce, ka yi haƙuri." Haƙuri abu ne mai kyau, amma sau da yawa mukan faɗe shi ne domin mu rufe bakin mai magana mu huta. Mai gyambo yakan maimaita labarinsa domin zuciyarsa tana neman inda za ta ajiye shi. A bar shi ya faɗa sau goma in yana so. In kuma ba ya so, kada a tilasta masa. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana 7 ba su ce uffan ba, kuma a cikin dukan abin da suka yi masa, wannan ne ya fi amfani.

A nan za mu ɗan tsaya a kan wata al'ada tamu. Mutum ya dawo daga hannun masu garkuwa ran Alhamis, ran Lahadi mun tsai da shi gaban jama'a ya ba da shaida, ga ganga, ga kuwwa, ga lasifika. Nufinmu mai kyau ne, gama muna murna. Amma ku tuna da abin da ya faru a bakin kogon nan. Iska mai ƙarfi ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji bai yi magana da Iliya ta cikinsu ba. Da murya marar ƙarfi ya zo masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wanda kunnensa ya sha ƙarar bindiga, a je masa a hankali. Shaidarsa ba za ta ruɓe ba in ta jira wata shida.

Haka nan maganar gafara. Gaskiya ne Ubangiji ya umarce mu mu gafarta, ba mu kuwa da ikon rage wannan umarni. Amma Yusufu, wanda 'yan'uwansa suka sayar yana ɗan shekara 17, sai da ya kai 30 kafin ya fita daga bauta da kurkuku. Da ya haifi ɗan fari ya sa masa suna Manassa, domin Allah ya sa ya manta da wahalarsa. Na biyu ya kira shi Ifraimu, domin Allah ya sa ya yi albarka a ƙasar da ya sha wuya. Duk da haka, da ya ga 'yan'uwansa bayan shekaru sama da 20, sai da ya juya baya ya yi kuka, ba sau ɗaya ba. Ashe mutum yana iya warkewa, ya yi girma, ya riƙe ƙasa guda, hawaye kuwa bai ƙafe ba. Wanda ya ce namiji ba ya kuka, ya je ya duba abin da Ubangijinmu ya yi a bakin kabarin Li'azaru.

'Yan'uwa maza, ga wata magana mai nauyi. In matarka ko 'yarka ta dawo daga daji, abin da aka yi mata ba laifinta ba ne, kunyar kuma tana kan wanda ya aikata. In an ci zarafinta, a kai ta asibiti cikin kwana 3, gama a cikin wannan lokaci ne maganin rigakafin cutar ƙanjamau yake aiki. Bayan haka, kai ne za ka fara cin abincin da ta dafa, kai ne za ka tare mata bakin unguwa.

Yawancin mutane, in sun sami abinci, da barci, da masu saurare, da wurin da hankalinsu zai kwanta, razanar takan ragu a hankali cikin makonni. Amma in an fi wata guda mutum bai iya barci ba, ko ya kasa aikinsa, ko ya koma ga tiramadol da giya domin ya manta, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, to, lokacin likita ya yi. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai kuma asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, da na Barnawa a Kaduna. Ba mu taɓa cewa mai zazzaɓin cizon sauro ya rasa bangaskiya don ya sha magani ba. Don me za mu ce haka ga mai ciwon damuwa? A yi addu'a, a kuma hau mota. Ɗaure mutum da mari ko dukansa da sunan fitar da aljanu kuwa, ko a gidan wa ake yin sa, zalunci ne. A watan Janairu na 2023 ƙasarmu ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma amince cewa mai irin wannan ciwo yana da haƙƙi kamar kowa. In kuwa wani ya ce muku ya gaji da rai, kamar yadda Iliya ya ce, kada ku ɗauka wasa ne. Ku kawar da fiya-fiya da igiya daga ɗakinsa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku nemi taimako a ranar.

Allah bai bar Iliya cikin kogo ba. Ya gyara masa lissafi, ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ya ba shi aiki, ya kuma ba shi aboki, wato Elisha. Wani likita ɗan ƙasarmu, Thomas Adeoye Lambo, ya gane irin wannan a Aro kusa da Abekuta a 1954. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya saukar da su a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna karɓar magani suna kuma zama cikin jama'a. Ikilisiya ma tana iya zama irin wannan ƙauye. Gwauruwar da aka kashe mijinta a gona, in ta fara samun ƙarfi, a ba ta ajin yara na makarantar Lahadi. Saurayin nan da ya daina magana, dattijo ɗaya ya riƙa ɗaukarsa zuwa lambu. Maƙwabtanmu Musulmi kuma, waɗanda wannan wuta ta ƙone su kamar yadda ta ƙone mu, kwanon tuwonmu ya tsallaka katanga zuwa gare su.

Muna roƙon dattawan kowace ikilisiya su zauna a wannan mako su rubuta sunayen waɗanda suka daina zuwa sujada tun bayan da abin ya same su, a raba sunayen, a je biyu biyu, ba da yawa ba, da rana kuma, domin ƙwanƙwasa ƙofa da dare tana tada tsohon tsoro. Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi magana a kan yara. Kafin nan ku karanta Farawa sura 21, labarin Hajaratu da ɗanta a jeji.