Taimakon da Muke Aikawa Gida: A Bar Mutanen Ƙauye Su Zaɓi Aikinsu

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiyarmu a nan Sabo, Ibadan. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallama, da alayensa da sahabbansa.

  

An umarce ni in yi magana a kan kuɗin taimako da muke tarawa don Allah muna aikawa ƙauyukanmu na Arewa. Tun da aka kafa wannan unguwa a 1916 mutanenta ke juya dukiya, daga goro zuwa shanu zuwa kayan gwari, kuma ba a san su da rowa ba. Da azumi buhunan hatsi na tafiya, da salla turamen atamfa na tafiya, in an yi gobara ko ambaliya a yi karo-karo. Allah ya saka da alheri. Amma jama'a, akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu: bayan duk wannan, me ya rage a tsaye a ƙauyen? Wa ya zaɓi abin da aka yi, kuma wa ke kula da shi yau?

Kowa a cikinku da ke zuwa ganin gida ya taɓa wuce famfon burtsatse wanda ya mutu, awaki na kwance a gindinsa, ga allo da sunan wanda ya bayar, mata kuwa sun koma tafki. Sau da yawa abin da ya kashe shi ƙaramin ƙarfe ne ko roba. Amma da yake ba a shawarci kowa ba kafin a haƙa, ba a koya wa kowa gyara ba, ba a kuma ajiye ko kwabo don gyaran ba, sai mutanen gari su ce famfon Alhaji ya lalace, su zauna jiran Alhaji. Shi kuwa Alhaji yana nan Kurmi yana zaton ladansa na gudana.

Kafin in kawo shawara, bari in tuna mana abin da malamanmu suka karantar da mu, domin kuwa kuɗin Allah iri-iri ne, kowanne da hukuncinsa.

Na farko zakka. Wanda dukiyarsa ta kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya ko kwatankwacinsa, ta kuma shekara, zai fitar da ɗaya cikin arba'in. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade mutum takwas da ake ba wa. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina masallaci ko gada da zakka, ba a haƙa rijiya da ita, mabuƙaci ake danƙa wa ta zama tasa. Haka kuma asali ana raba ta ne a inda ta wajaba ko kusa da nan, sai fa idan mutanen wani wuri sun fi tsananin buƙata, sa'an nan a kai musu. Ke nan gajiyayyun Sabo da marayunta suna da haƙƙi a zakkarmu tun kafin ta hau mota.

Na biyu sadaka ta ganin dama, wadda ƙofarta a buɗe take. Ana yin rijiya da ita, ana yin makaranta, ana ba Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Na uku wakafi, ko hubusi. Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara, ya nemi shawarar Manzon Allah, aka nuna masa ya tsare gonar ya riƙa sadaka da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina, wadda ake sayar da ruwanta, ya bar wa jama'a. Malaman Malikiyya sun halatta har wakafin kuɗi, a riƙa ba da rance ana mayarwa. Wannan ƙofa ce muka fi sakaci da ita, alhali kuwa ita ce mai ɗorewa. Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato sun kafa hukumomin zakka da wakafi, ta Kano tun 2003, amma ba abin da ya hana ƙungiya irin tamu ta kafa nata gwargwadon ƙarfinta.

To, yanzu maganar wa zai zaɓi aiki. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da muke nan, wasunmu sun shekara ashirin ba su kwana bakwai a jere a ƙauyensu ba. Muna iya ganin masallaci na buƙatar fenti, alhali abin da ke hana mutanen barci shi ne kwalbatin da ruwa ya cinye, wanda in damina ta yi nisa mai naƙuda ba ta da hanyar zuwa asibiti.

Ku dubi yadda aka yi da kurkunu. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami fiye da mutum 650,000 masu wannan ciwo a Nijeriya. Ba shi da magani, ba shi da allurar riga-kafi. Cibiyar marigayi Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, mutum mai riƙo da addininsa na Kirista, ta kawo kuɗi da ƙwararru, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana jan hankali. Amma waɗanda suka yi ainihin aikin 'yan sa-kai ne na cikin ƙauyukan, su ke raba ƙyallen tace ruwa, su ke hana mai ciwo shiga tafki, su ke kai rahoto. An ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Kuɗi daga waje ya zo, aiki kuwa a hannun masu gari yake. Haka shirin CSDP na gwamnati da Bankin Duniya, wanda ya fara a 2009, ya bi: gari ya zaɓi aikinsa, ya naɗa kwamitinsa, ya kawo nasa kason, da farko kashi 10 cikin 100.

Saboda haka ga shawarata ga ƙungiya.

Na ɗaya, a raba asusu uku, na zakka daban, na sadaka daban, na wakafi daban, kowanne da littafinsa, kada a gauraya. A karanta lissafi a gaban jama'a sau biyu a shekara.

Na biyu, kada mu ƙara aika aiki. Mu aika da tambaya. Garin da ke son taimako ya zauna, da mai gari da liman da matasa, mata su ma su yi nasu zaman, tunda su ke ɗebo ruwa su ke jinya. Su rubuto abu ɗaya da suka fi buƙata, da kuɗinsa, da sunayen waɗanda suka amince su riƙe amana. Kada mai neman ƙuri'a ya shiga cikinsu.

Na uku, gari ya kawo nasa. In babu kuɗi akwai yashi, akwai dutse, akwai aikin gayya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma abin da mutum ya zuba guminsa a kai ba ya barin sa ya lalace.

Na huɗu, a biya kuɗi kashi-kashi. In an gama na farko an gani, a saki na biyu. Muna da abin da manyan ƙungiyoyi ba su da shi: direbobinmu da fatakenmu suna hanyar Arewa kullum, kowane waya kuma tana ɗaukar hoto.

Na biyar, kowane aiki ya zo da tanadin gyaransa. In rijiya ce, a koya wa samari biyu gyara, gari ya yanka ɗan abin da kowane gida zai riƙa sakawa. In rumbun tsimi ne, a sayi hatsi da kaka yana araha, a fitar da shi tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka ƙare. In rance aka ba da, mudu ɗaya ya dawo mudu ɗaya, kada mu shiga riba da sunan taimako.

Na shida, mu sayi shago ko gida a nan Ibadan mu yi wakafinsa, da takardu cikakku da sunan amintattu, kuɗin hayar ya riƙa tafiya wannan aiki ko bayan ranmu.

Akwai gargaɗi biyu. Yawancinmu mun fito ne daga Katsina da Zamfara da Sakkwato, inda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama. A irin wuraren nan shelar cewa an aiko da kuɗi tana iya jawo wa wanda ya karɓa sace shi. A yi a ɓoye, a bi ta banki, a bar allo da hoto. Inda mutane suka yi gudun hijira kuwa, zakka ta fi dacewa da su a kan gini.

Gargaɗi na biyu, kada mu manta da ƙauyukan da ke kewaye da mu a nan, inda 'yan'uwanmu ke ƙwadago a gonaki, suna shan ruwa ɗaya da Yarabawa. Duk wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairu na 2021 ya san darajar maƙwabtaka. Rijiyar da Bahaushe da Bayarabe suka haƙa tare, lada ce kuma kariya ce.

Ina roƙon shugabanni su naɗa kwamiti a wannan zama, da malami ɗaya, da mace ɗaya aƙalla, da wanda ya iya lissafi, su kawo mana tsari kafin azumi. A fara da ƙauye biyu kawai, a gama su, a gani.

Allah ya karɓa mana, ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da garuruwanmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.