Kuɗin Gida Ba Jari Ba Ne: Jawabin Kwamitin Dattawa A Taron Cikar Shekara

 

Shugabanninmu, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa 'yan kasuwa da kuka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, da Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, muna yi muku barka da zuwa. Allah Ya maimaita mana.

An ba mu dama mu yi magana a kan abu guda, sai muka zaɓi wanda ya fi yawan kawo mana ƙorafi a kwamiti: mutum ya sayar da gidansa don ya koma wani gari, ko ya tsallaka iyaka da iyalinsa, kafin shekara ta zagayo ba gida, ba kuɗi. Maganarmu a taƙaice ita ce, kuɗin gida ba jari ba ne. Amanar iyali ne da ke hannunka har ranar da za ka karɓi makullin wani gidan.

Mun san halinmu. Ɗan kasuwa ba ya iya ganin kuɗi a kwance. Da zarar sun shigo, sai zuciya ta ce a juya su sau ɗaya kawai, a ɗauko wake ko albasa ko shanu, riba ta biya kuɗin mota da fenti. To, mu tuna abin da muka gani da idonmu. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamba 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. Wanda jarinsa ya maƙale a irin wannan lokaci ya yi asara, amma yana da inda zai kwana. Wanda ya zuba kuɗin gida kuwa, shi da matansa da 'ya'yansa ne suka maƙale.

Saboda haka shawararmu ta farko: ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka sa hannu a takardar ciniki, ka riga ka san inda za ka, ka ga gidan, ka ji farashinsa, ka binciki takardunsa. Ka kuma nemi mai saye ya ba ka wa'adin tashi, wata biyu ko uku, a rubuta shi cikin yarjejeniya. In biya kashi-kashi ne, a rubuta kowane kashi da ranarsa a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarce mu game da bashi. Kada ka miƙa takardun asali sai an cika maka kuɗinka.

Ta biyu, ka ajiye kuɗin a irin kuɗin da za ka sayi gida da shi. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Naira kuwa kasuwa ce ke yanka mata farashi tun Yuni 2023. Kafin lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da gida a Katsina da niyyar saye a Maraɗi, ya bar kuɗinsa a naira cikin waɗannan watanni yana jiran canji ya sauko, ya san abin da ya same shi. Bayan haka kuma akwai lokutan da naira ta farfaɗo, masu riƙe da sefa suka ji a jikinsu. Ba wanda ya san gobe sai Allah, don haka kada a yi caca da rufin iyali. Masu komawa Garwa ko Njamena kuma su tuna sefar Kamaru da Chadi daban take da ta Nijar da Benin. Darajarsu ɗaya a hukumance, amma takardun ba ɗaya ba ne, kuma ɗan canji zai ci nasa a tsakani.

Ta uku, hanyar da kuɗin za su bi. Dokar Najeriya ta 2022 kan halasta kuɗin haram ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuwa miliyan 10. Wanda zai ƙetare iyaka da abin da ya wuce kimanin dala 10,000 wajibi ne ya bayyana wa kwastan. Ka riƙe takardar ciniki da shaidar banki, su ne za su yi maka magana in an tambaye ka asalin kuɗin. Buhun kuɗi a bayan mota kuwa, kun san yadda hanyoyinmu suke yanzu. Canjin takardun naira na farkon 2023 ma ya ishe mu darasi game da ajiye kuɗi a ɗaka. A banki ma, inshorar NDIC ba ta wuce naira miliyan 5 ga mai ajiya a banki ɗaya ba, don haka raba su gida biyu ya fi.

Ta huɗu, lissafi. Farashin da aka shelanta ba shi ne abin da zai shiga aljihunka ba. Cire la'adar dillali, da ladan lauya, da bashin wuta da ruwa, da kuɗin mota da 'yan dako. A Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta ce gida mai takardar mallaka ta gwamna ba ya canja hannu sai da amincewar gwamna, kuma wannan yana cin kuɗi da lokaci, sai a yi magana tun farko wa zai biya. In za ka fara zama a haya, a yawancin garuruwan Najeriya kuɗin shekara ake nema gaba ɗaya. Ware kuɗin cefane na wata shida daban, domin sabon wuri ba ya ba baƙo ciniki a ranar da ya sauka. Abin da ya rage bayan an sayi gida, shi ne jarinka, ka juya shi yadda ka ga dama.

Ta biyar, haƙƙin mutane. In gidan gado ne, a raba, kowa ya karɓi nasa, mata da marayu a gaba, kafin kowa ya hau mota. Kayan ɗakin mace nata ne, ba a sayar da su don rage kaya sai da yardarta. A rubuta jerin kayan gida kafin a ɗora su, don a nuna a bakin iyaka cewa ba haja ba ce. A karɓo wa yara takardun makaranta, a kuma duba bambancin karatun ƙasashen biyu don kada su yi asarar shekara. Gidan da kake ciki ba a fitar masa da zakka, amma kuɗinsa in sun kai nisabi suka shekara a hannunka, akwai ɗaya cikin arba'in. A tuntuɓi malamai a kan wannan.

A ƙarshe muna da roƙo. Duk ɗan ƙungiyar da ya yi niyyar sayar da gida, ya zo ya same mu kafin ya kira dillali. Sirrinsa yana nan a rufe. Muna da 'yan uwa a kowace tasha da za su duba masa unguwa, su binciki mai fili, su sauke shi in ya iso. Masu zuwa neman rance kuma da zarar sun ji an yi ciniki, mu ji tsoron Allah, mu bar ɗan uwa ya sami matsuguni tukuna.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya kai kowa gidansa lafiya.