Jawabin Malamin Kotu a Gummi: Yadda Aka Bi Sawun Kuɗin Bagega

Hakimai, alƙalai, malaman ofis, da iyayenmu waɗanda suka yi aikin En'e kafin a sāke tsarin mulki cikin 1976. An umurce ni in yi magana a kan aikin hukuma da na'urorin zamani. To, ba zan kai ku nesa ba. Maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum sun ishe mu misali.

Cikin watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda ke yawon duba sanƙarau, suka tarad da yara ƙanana suna mutuwa a ƙauyuka, ga amai, ga jijjiga, magani kuwa ba ya kama su. Da aka auna jininsu sai aka ga dalma ce. Dutsen da a ke haƙowa domin zinariya yana da dalma a cikinsa. Maza su kawo shi gida, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a injin gari, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baka. Yaran da suka rasu sun kai 400, ko fiye.

Ga inda wuyar ta ke. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani in yaro zai koma ya zauna bisa ƙasar da ta cuce shi. Tilas sai an fara kankare ƙasar gida, a kwashe a binne nesa, a zubo sabuwa. Masu aikin suna da wata na'ura ta hannu, su ɗora ta a ƙasa, nan take ta faɗi yawan dalmar wurin, saboda haka ba a yin aiki da ka. Sarakuna da dagatai kuma suka hana niƙan dutse cikin gari, abin da na'ura ba ta iya yi. Da haka aka tsabtace Dareta da 'Yargalma, sa'an nan waɗansu ƙauyuka biyar.

Saura Bagega, cikin ƙasar Anka, wadda ta fi su girma, ta kuma fi su wurin niƙa. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Da aka yi taro a Abuja cikin Mayu 2012, babban roƙon mahalarta shi ne a saki kuɗin nan. Damina ta zo ta wuce. Aka yi girbi, hunturu ya shigo, shiru. Yara wajen 1,500 suna jira, likita yana nan, magani yana nan, amma ba dama a ba su. Ku da kuka san ofis kun san ba lalle wani ya ce ya ƙi ba. Takarda tana iya kwana bisa tebur wata takwas ba wanda ya ƙi ta, ba kuwa wanda ya ɗauke ta.

Sai waɗansu samari, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa abin da suka kira Follow The Money, watau bin sawun kuɗi. Ba su da sarauta, ba su da ofis a gwamnati. Suka je Bagega, suka ɗauko hotuna da maganar mutanen garin, suka baza ta Twitter da Facebook, suna tambaya guda: nawa aka amince, yana hannun wa, yaushe zai fito? Ƙungiyar Human Rights Watch ta sa baki, mutane suka yi ta rubutu a shafin Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan. Sanata Bukola Saraki, wanda ke shugabantar kwamitin muhalli a lokacin, ya je garin da kansa. Ƙarshen Janairu 2013 aka saki kuɗin. Aka kama kankare ƙasa, cikin Afrilu aka fara ba rukunin farko na yara magani.

Kada wani ya ce waya ce ta yi wannan. Waya tana hannun kowa tun kafin nan. Abin da samarin suka yi, aikin akawu ne tsantsa: suka riƙe adadi, suka riƙe kwanan wata, suka ƙi sakinsu. Bambancin kawai, sun karanta littafin a bainar jama'a.

A nan ne na ke so iyayenmu su yi mini haƙuri. Baitulmali, wanda aka fara kafawa a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ya koya wa ƙasar nan riƙon littafi. Ma'aji ba ya fitar da ko anini sai da takarda, Joji ya zo ya duba, Razdan ya duba. Tsari ne mai kyau ƙwarai, ba na raina shi. Amma fa littafin nan sama ya ke kallo. Talaka ya biya haraji da jangali, a ba shi rasit, iyakarsa ke nan. Bai taɓa ganin shafin da aka rubuta inda kuɗinsa ya tafi ba. Mun gaji riƙon littafin, mun kuma gaji rufe shi.

Doka kuwa ta riga ta canja. Tun 2011 aka kafa dokar 'yancin neman bayani, wadda ta ce in mutum ya nemi bayani a ofishin gwamnati, a amsa masa cikin kwana bakwai. Cikin 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin Zamfara, watau yanzu lura da shi ya koma teburori irin namu.

Roƙona ga ofisoshin Gummi ƙarami ne. Duk takardar da ta shafi kuɗin aiki, ko rijiya ce, ko ɗakin shan magani, a rubuta ranar da ta shigo, da adadinta, da sunan teburin da ta ke kai. A manna kwafi a ƙofar ofis da ƙofar hakimi, da boko da ajami, a kuma aika hotonsa ta waya ga dagacin garin da aikin ya shafa. In ta tashi daga tebur, a gyara ranar.