JIRGIN IKKO BA YA TASHI DA GUDU

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu, a zauren da ke kusa da Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano)

 

Da kwamiti ya ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, wasu sun zaci zan ɗauko batun ilimi ko tattalin arziki. To, ku yi mini afuwa, yau maganar gudu zan yi, watau gudun dogon zango, da wasu mutane da na daɗe ina sha'awarsu. Na ga wasu 'yan ajinmu suna dariya suna shafa tumbi. Ku dakata, zan zo kanku.

Wannan tasha da ke bayanmu, wadda layin dogo ya iso tun 1911, nan ne filin wasanmu muna yara a Fagge. Idan jirgin Ikko ya yi kuka zai tashi, sai mu jera a gefen layi mu yi tsere da shi. Kullum mu ke cin yadi ɗarin farko, har muna juyowa muna yi wa direba gwalo. Kafin a jima numfashi ya ƙare, mu zube, shi kuwa ya wuce abinsa, bai ƙara sauri don mu ba, bai kuma rage ba, sai ya ga Ikko, tafiyar da ta fi kilomita 1,100. Ban fahimci darasin ba sai da na girma.

A watan Janairu na 1973, lokacin da naira ta fito sabuwa ful, marigayi malaminmu na wasanni, Allah Ya jiƙansa, ya ɗebi mu shida daga cikin 'yan gudun makaranta ya kai mu kallon Wasannin Afirka karo na biyu a Ikko. Daga wannan tasha muka shiga tarago, kowa da takalmin kambas da ya saya a Kasuwar Sabon Gari. Muka bi ta Zariya, Kaduna, Minna, muka haye Kwara a Jebba, sa'an nan Ilori da Badun, har muka sauka a Iddo. A babban filin wasa na Surulere ne gani ya kori ji.

Kafin wannan tafiya, malam ya sha ba mu labarin Abebe Bikila na ƙasar Habasha, dogarin Sarki Haile Selassie. Ranar 10 ga Satumba 1960, saura mako uku Nijeriya ta sami 'yancin kai, ya lashe gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum, ba takalmi a ƙafarsa. Gudun nan kilomita 42 ne da mita 195, kusan daga nan zuwa Wudil, ya kuwa gama shi cikin awa 2 da minti 15. Ku tuna Italiya ce ta mamaye ƙasarsa a 1935, sai ga shi ya je har babban birninta ya ɗaga tutar Habasha. A 1964 ya sake cinyewa a Tokyo, bai cika mako shida da yin aikin tiyata a ciki ba. Haɗarin mota ya naƙasa shi a 1969, ya rasu a 1973 yana da shekara 41.

Amma ni gwanina ba Abebe ba ne. Gwanina shi ne abokin aikinsa Mamo Wolde, wanda ya daɗe a inuwarsa. Tun 1956 ya fara zuwa Olamfik, ya dawo hannu rabbana. A 1964 ya zo na huɗu a mita 10,000, watau dab da lamba amma babu lamba. Wani da tuni ya ajiye takalmi. Sai a 1968 a Meziko, bayan Abebe ya janye saboda ciwon ƙafa, Mamo ya ci zinare yana da shekara 36. Shekara 12 yana jira! A 1972 ya ƙara da tagulla a Munich, sa'an nan a Ikko, a wasannin da muka je kallo, ya lashe gudun fanfalaki yana da shekara 40. Sa'an iyayenmu ne a lokacin, amma ya bar samari a baya.

A can ne kuma muka ga Miruts Yifter, ɗan gajeren mutum, ya ci mita 10,000. Tseren nan kewaye 25 ne na fili. Yifter yakan laɓe cikin jama'a kamar ba ya nan, sai ƙarshe ya matso ya saki ƙafa, ka rantse yanzu aka fara. Shi ma bai tsira daga jira ba, domin ƙasarsa, kamar tamu, ta ƙaurace wa gasar 1976, sai a Mosko a 1980 ya kwashe zinare biyu. Muka ga kuma wani yaro ɗan Tanzaniya, Filbert Bayi, ya kayar da Kipchoge Keino na Kenya a mita 1,500. A hanyar dawowa malam ya tambaye mu abin da muka koyo. Kowa ya faɗi nasa. Shi kuwa ya nuna mana kan jirgi ta taga, ya ce mu lura da yadda yake tafiya.

Bayan waɗannan an yi wasu. Akwai Derartu Tulu, wadda a 1992 ta zama baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ci zinaren Olamfik. Akwai Haile Gebrselassie, wanda yana yaro yakan yi gudun kilomita 10 zuwa makaranta da littattafai a hammata, har ya girma hannunsa na hagu bai daina lanƙwasa ba in yana tsere. Akwai Eliud Kipchoge, wanda a birnin Biyana a 2019 ya gama zangon nan cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, ko da yake ba a lissafa shi cikin tarihin gasa ba saboda shiri ne na musamman. Ku auna: kowace kilomita ƙasa da minti uku, sau 42 a jere.

To, jama'a, ina namu? Muna da su. Abbas Mohammed da Yohanna Waziri sun wakilci Nijeriya a gudun fanfalaki a Seoul a 1988. A 1990 Abbas ya yi awa 2 da minti 16 a Ikko, aka yi fiye da shekara 30 ba a sami ɗan ƙasa da ya shafe wannan tarihi ba. Wannan abin alfahari ne gare shi, amma abin kunya ne gare mu. Da aka fara babban tseren birnin Ikko a 2016, ɗan Kenya ne ya ɗauke kofin a gabanmu.

Wasu za su ce ai su 'yan kan dutse ne. Akwai ƙamshin gaskiya, domin a wuri mai tudu irin Iten ta Kenya, mai tsawon mita 2,400, iska ba ta da kauri, saboda haka jiki yakan ƙara jajayen ƙwayoyin jini don ya wadatu, in mutum ya sauko ƙasa sai numfashinsa ya yi tsawo. Amma mu ma Allah bai hana mu ba: ga Jos da Pankshin, ga tsaunin Mambila. Kakanninmu fatake kuwa da ƙafa suke zuwa Gwanja su ɗauko goro. Ba ƙafa muka rasa ba, haƙuri muka rasa. Mun zama masu son tseren yadi ɗari a kome: a kasuwa, a aiki, har a karatun 'ya'yanmu. Ita kanta ƙungiyar nan sau nawa muka fara aiki da zafi, kafin shekara ta zagayo mu zube a gefen layi?

Na ziyarci makarantarmu kwanan baya, na tarar an daɗe da daina gudun ƙetare daji da muke yi kowace Asabar. Ban ɗora wa kowa laifi ba, domin gari ya cinye dajin, malamai kuma aiki ya yi musu yawa. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ina roƙon wannan taro ya amince da abu uku. Na farko, mu dawo da tseren shekara-shekara, a yi shi bayan sallar Asuba kafin motoci su fito, mu tsofaffi mu tsaya a mararraba muna tsare hanya, a sa kofi da sunan marigayi malaminmu. Na biyu, kowane aji ya ɗauki nauyin takalma goma. Na uku, yara biyu da suka fi ƙwazo mu tura su Filato lokacin dogon hutu su sami horo. Sharaɗina ɗaya ne: kada mu fara sai mun yi alkawarin shekara goma, ko da shekarar farko yara biyar ne suka fito.

Yanzu na zo kanku, masu tumbi, har da ni. Hawan jini da ciwon suga sun ɗauke mana 'yan uwa da yawa, mun ji sunayensu ɗazu. Ba na ce ku yi tsere ba, amma tafiyar rabin awa kullum ba ta fi ƙarfin kowa ba, in likita bai hana ba. Ka taka ka gai da ɗan ajinku, ka sami lada ka sami lafiya, tun da an ce zumunta a ƙafa take.

Daga ƙarshe, iyayenmu malamai, ku ne kuka yi gudun da ya fi kowane tsawo, kuka ja mu tarago-tarago ba ku gaji ba. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Allah Ya bar zumunci.